Guzurin Kumasi

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma sunan kakana aka sa mini, wanda ya haifi babana. Abu biyu ke nan suka haɗu wa mahaifiyata, wadda muke kira Inna: ga kunyar ɗan fari, ga sunan suruki. Don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son ruwa sai ta ce wa ƙanwata, "Ce wa wancan ya ɗebo." In na gaishe ta da safe, takan amsa tana kallon murhu. A ƙauyenmu, can gefen Nasarawan Doya, yabonta ake yi a kan haka. In ana kwatance da mace mai kunya, da ita ake yi.

Da gidan na zaman lafiya ne, da ni ma ban damu ba. Amma Baba mutum ne mai zafin rai. Rake yake nomawa a fadama, yana dafa mazarƙwaila, kuma ya iya, don masu sari daga Makarfi har gona suke biyo shi. A waje ga fara'a, ga barkwanci. A gida kuwa, da an ji gyaran muryarsa a zaure kowa zai shiga taitayinsa, har kaji. Ni na fi kowa ji a jikina. Tun ina firamare nake aikin gandu. Sa'o'ina duk iyayensu sun yankar musu gayauna, ɗan filin da saurayi ke noma wa kansa da yamma don ya ɗinka riga ko ya yi tanadin aure. Ni har gemu ya fito mini ba ni da inda zan shuka ko kuɓewa.

Wata rana wuta ta yi yawa, ruwan raken da ke kan wuta ya kama. Ba ni ke kan iza wutar ba, amma ni ne a kusa. Baba ya wanke ni da mari a gaban 'yan ƙwadago, waɗansunsu ma na girme su. Na koma gida fuska a kumbure. Inna tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta. Ranar na ji haushinta fiye da na Baba. Na sani al'ada ba ta yarda uwa ta tsaya wa ɗan fari ba, amma sanin bai rage mini komai ba.

Ina da kawu, ƙanen Inna, wanda ya daɗe a Kumasi ta ƙasar Gana yana sayar da wake da gero. Na kira shi da wayar abokina, na zayyana masa komai. Ya ce aiki akwai, wurin kwana akwai, kuma akwai direban babbar mota da ya sani, zai yi lodin wake bayan an ci kasuwar Makarfi. Sai ya kafa sharaɗi.

"Ba zan karɓi ɗan da ya gudo ba," in ji shi. "Ka zo da yardar gida, ko da ta mutum ɗaya ce."

Baffana, yayan Baba, shi na roƙa ya je masa da maganar. Bai jima ba ya fito yana kaɗa kai. Baba ya ce ba da yawunsa ba, wa zai yi masa raken? Saura Inna ke nan. To ta yaya za ka nemi izini wurin wadda ba ta haɗa ido da kai? Na aika ƙanwata. Ta dawo da amsa: "Ta ce ina ruwanta da kai, ai kana da uba." Kawu da kansa ya kira ta, ta yi masa zancen ruwan sama da tsadar taki, ta miƙa wayar. Daga nan na fid da rai, na ci gaba da saran rake.

Ana gobe motar za ta tashi, na dawo daga fadama da la'asar. Tun daga zaure na ji ƙamshin gyaɗa. Inna ta kafa murhu a tsakar gida, ba a madafa ba, tana tuyar ƙuli-ƙuli. Ga dakuwa a kwano, ga yaji an daka an ƙulle a leda, ga dambun nama yana shan iska a faranti. Na duba ban ga jan zakaran da take kiwo ba, ashe shi ne ya zama dambun. Ba salla ake ba, ba biki, ba suna. A wurinmu in ka ga waɗannan abubuwa sun haɗu a rana ɗaya, guzuri ne, wani zai yi doguwar tafiya. Na tsaya riƙe da adda kamar wanda aka dasa.

Ana haka Baba ya shigo daga masallaci. Ya dubi kaskon, ya dubi kwanukan.

"Wa zai yi tafiya a gidan nan?"

Tana da hanyar zillewa. Tana iya cewa saƙo ne za ta ba direba ya kai wa ƙanenta, kuma ba wanda zai ƙaryata ta. Ba ta daina juya ƙuli-ƙulin ba. Sai ta faɗi sunana. Ba laƙabi ba, sunan yanka, sunan uban mijinta, da murya yadda matar baffa da ke leƙe ta katanga ta ji, har ta dafe baki.

"Gobe zai tafi wurin kawunsa," in ji ta. "Na yarda. Allah ya yi masa albarka."

Baba ya dube ta. "Rashin kunyar yau har ta kai nan?" Abin da ya iya cewa ke nan, ya juya ya fita. Ni kuwa na shige ɗaki na yi kuka, ƙato da ni. Da farko ma ban gane da ni take ba, don sunan ya yi mini baƙo a muryarta.

Da safe na tarar da jakar guzurin a ƙofar ɗakina. Na durƙusa a ƙofar Baba na yi sallama, bai amsa ba. Inna ma ba ta fito ba. Ɗan acaɓa ya kai ni Makarfi, na hau saman buhunan wake. Tafiyar ta yi nisa, ga tsaye-tsaye a kan iyaka, kuma dakuwar nan ita ta riƙe ni da yaran motar.

Da na sauka Kumasi, kafin ya ba ni ruwa kawu ya tambaya, "Da yardar wa ka zo?" Na kwance ledar yajin na miƙa masa. Ya dangwala ya lasa, ya ce, "Hannun yayata ne. Shigo."

Dakon buhu na fara, yanzu ina da ɗan tebur nawa a kasuwa. Na iya gaisuwa da ciniki da harshen mutanen garin. Ba wanda ya sake ɗaga mini hannu. Baba yakan amsa gaisuwata a waya yanzu, a taƙaice, ya tambayi farashin wake.

Sai daga baya ƙanwata ta ba ni labarin abin da na baro. Damina guda Baba bai ci tuwon Inna ba. Mata suka yi ta yi da ita a gidajen biki, kuma tun daga ranar ba a sake kwatance da ita ba in ana zancen kunya. Abin da take taƙama da shi ke nan a duniya, ba ta da gona, ba ta da shanu.

Har yau in na kira, ƙanwata ke riƙe wayar. Nakan ji Inna daga can gefe, wajen murhu, tana cewa, "Ce wa wancan ya riƙa cin abinci." Ba ta sake kiran sunana ba, ni ma ban nema ba. Na san abin da kiran farkon ya ja mata.