Jakar Sandunan Alhaji a Fakon Isa

Shekarar da munka bar ƙauyenmu na gefen Turba ina da shekara arba'in da 'yan kai. Ba mu kaɗai munka tashi ba. Daji ya daina shiguwa saboda 'yan bindiga, duk mai inda zai raɓa ya kama hanya. Matata ta kwashi yaranmu huɗu ta tsallaka wajen yayanta a ƙasar Maraɗi. Ni na tsaya Isa, wai in zauna kusa da gona ko abin zai lafa. Wani mai shagon hatsi ya ba ni wurin kwana a zaurensa. Ranar kasuwa ina dakon buhuna, sauran ranaku ina ƙarƙashin dogon yaro ina kallon masu babura. Sai in yini ban ce wa kowa komai ba, in ban da gaisuwar masallaci.

Mai shagon ne ya ce mani akwai wani dattijo da ke neman mai ɗaukar masa kaya da yamma. Tsohon ma'aikaci ne, ya daɗe a Kaduna da Ikko, ya yi ritaya ya dawo gidan mahaifinsa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk suna birni. Kowa Alhaji yake ce masa, ni ma haka na bi.

Na iske shi a ƙofar gida bayan la'asar, da hular hana-salla da farin takalmi. Gefensa wata doguwar jakar fata ce a jingine, kawunan ƙarafa sun leƙo daga bakinta.

"Alhaji, kayan aikin mi ne waɗanga?"

"Kayan wasa ne, Malam. Golf sunansa. Kai kuma sunan aikinka kadi. Ka ɗauki jaka, ka miƙo mani sandar da nic ce, ka bi ƙwallo da ido. In na tsaya za ni bugu, ka yi shiru."

Na ɗaga jakar na aza a kai kamar buhun gero. Sandunan sunka zubo ta baya, sunka watse a ƙasa da ƙara. Bai yi dariya ba. Ya nuna mani igiyar da ake ratayawa a kafaɗa, ya jira na tsince su ɗai-ɗai.

Filin nasa wani fako ne a bayan gari, kusa sosai, kana jin kiran salla daga can. Babu ciyawa sai tsakuwa da geza da 'yan aduwa. Ya sa an haƙa ramuka biyar, an binne gwangwanin tumatir a kowane, an kafa kara da jan tsumma. Ya ce a filin gaske ramukan goma sha takwas ne, kuma ciyawa ce shimfiɗe kamar darduma. Na ce to.

Bugun farko shi na tsaya kallo, yadda ya murɗa jiki ya saki sandar. Ya juyo ya ce, "Ina taf faɗi?" Ban sani ba. Munka yi ta laluben geza har rana ta yi ja, ba mu gan ta ba. Washegari wani mai jaki ya wuce ya yi mana sallama daidai lokacin da Alhaji ya ɗaga sanda, ni kuwa na amsa da ƙarfi har da tambayar gida. Ƙwallon ta yi tsalle biyu ta tsaya. Ya ce, "Ka amsa a zuci, Allah na ji." Rana ta uku inuwata ce ta kwanta a kan ramin. Haka na riƙa koyo, kullum da abin da zan ɓata.

A hankali na san sandunan. Mai ƙaton kai ta bugun nesa ce. Masu lamba a gindi, in lambar ta ƙaru ƙwallo na tashi sama amma ba ta nisa. Mai faffaɗan baki ta gangarawa cikin rami ce. Na koyi goge su da tsumma, na koyi tsayawa inda ba ya ganina.

A wurin mai shayi sun sa mani suna ɗan dakon Bature. Wani ya tambaye ni ko in ƙwallon ta shiga ramin hatsi ke fitowa. Na daina zama can. Matata kan kira ni ranar Juma'a in sabis ya yarda. Ta ce wane aiki nake yi yanzu, na ce ina ɗaukar wa wani dattijo kaya. Ban san yadda za ni gaya wa matar da ta san ni da garma cewa ina bin farar ƙwallo a fako ba.

Da farko na ɗauka gwada ni yake da tambayar nan tasa ta kowane bugu. Sai wata rana ƙwallon na kwance a fili, taku uku a gabansa, ya wuce ta yana dube-dube. Da ya juyo rana ta haske masa fuska, na ga fari-fari a cikin idanunsa duka biyu. Yanar ido ce ta rufe su. Abin da ke gindin ƙafarsa yana gani, amma da ƙwallo ta tashi shi ke nan, sai abin da na faɗa masa.

Tausayinsa ya kama ni. In ya buga ta faɗa cikin ƙaya, sai in yi sauri in riga shi, in shuro ta fili da gefen ƙafa, in ce, "Ga ta nan, Alhaji, bugu ya yi kyau." Na yi haka kusan mako biyu. A raina taimako nake yi.

Wata Laraba a rami na huɗu ya buga, ta karkace dama ta shige gindin aduwa. Na yi yadda na saba. Ya iso ya tsaya a kanta, ya daɗe bai karɓi sandar da nake miƙa masa ba.

"Malam."

"Na'am, Alhaji."

"Na fi shekara talatin ina riƙe da sandar ga. Hannuna ya san bugun da yay yi. Wanga ya tafi dama. Mi ya kawo ta nan?"

Na sunkuyar da kai.

"Yau ne farko?"

"A'a, Alhaji."

Ya cire hular ya share goshi. Muryarsa ba ta tashi ba. "A gida kowa haka yake yi mani. In na zubar da shayi a ce kofin ne ya tsage. Ɗiyata ta kira ta ce na yi ƙiba, alhali ba ta gan ni ba. Nan kaɗai nake zuwa in san inda nike. Mai da ta inda taf faɗi."

Na ɗauke ta na kai gindin aduwar na tura ta cikin ƙaya. Sai da ya yi bugu huɗu kafin ya fito da ita, ƙaya ta yage masa hannun riga. Munka koma gari. Na jingine jakar a zaurensa, na tabbata ba zai sake nemana ba.

Washegari na zauna ƙarƙashin dogon yaro ban je ba. Bayan la'asar sai ga shi da kansa yana lalubo hanya da sanda ɗaya. Ya ce, "Jakar ba ta iya tafiya da ƙafarta."

Daga ranar gaskiya nake gaya masa. "Ta shiga geza, Alhaji." "Ta wuce ramin da taku ashirin." Na fara auna nisa da ƙafa, ina watsa ɗan yashi in ga inda iska ta nufa. Wata rana ya ce, "Wace sanda kag gani?" Na ce lamba bakwai. Ya karɓa, ya buga, ta sauka kusa da jan tsumman. Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba, sai dai ba ni da wanda zan ba labari.

Ba za ni ce mun zama abokai ba. Bai taɓa tambayata ƙauyenmu ba, ni ma ban tambaye shi matarsa ba. In mun dawo yakan sa a miƙo mani tuwo, ya shige ciki, ni in ci a dakali in tafi.

Da bazara ta yi nisa mutanen wasu ƙauyukan sunka ƙara kwararowa cikin gari. Anka ba su gefen fakon sunka kafa bukkoki, ramuka biyu sunka shige cikin gidajen mutane. Munka koma zagaya uku. Kafin ruwan farko ɗiyarsa ta zo da mota ta ce za a yi masa aikin ido a Sakkwato. Da safen da za su tafi ya kira ni, ya ba ni takarda a ambulan. Ya ce in gona ba ta yiwu ba, in kai ta filin golf a Kaduna, in nemi shugaban masu ɗaukar jaka. Ni na sa jakar a bayan motar.

Bai dawo Isa ba. Na ji an ce ido ɗaya ya buɗe, kuma yana zaune wajen ɗansa a Kudu.

Gonar ba ta yiwu ba. Na jira har gero ya fara kai a gonakin bakin gari, sannan na hau motar Kaduna. Ranar farko a filin na cire takalmi na taka ciyawar don in tabbatar. Sauran masu ɗaukar jaka duk samari ne, suna ta Turanci a tsakaninsu, suna ce mani Baba. Na zauna a ƙarshen benci tun safe har azahar ba wanda ya zaɓe ni. Can wata mata 'yar Kudu ta zo a makare, ba kowa a bencin sai ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mani jakarta.

Shekarata ta uku ke nan a wurin. Iyalina har yanzu suna Maraɗi, ina zuwa da salla. Ƙaramin ɗana sai ya yini yana ɓuya a bayan uwarsa kafin ya yarda in ɗauke shi.