Tasi'u Mai Yi wa Agogo Kwalliya

Tasi'u mai gyaran agogo a kasuwarmu ɗan mai zanen ƙwarya ne, kuma hannun uban ya gada. Gyaran kuwa, Allah dai Ya ba shi lada. Tun da ya ga hoton agogunan attajiran Turai a waya, masu adon dā, ganye ya murɗe kan fure, ya daina barin agogo ya bar teburinsa tsirara.

Alhaji Sama'ilu ya kawo nasa a sa batir, don da shi yake kama layin ban ruwan tumatirinsa a madatsar ruwan Watari. Tasi'u ya zane baya, ya zane gefe, da wurin zane ya ƙare sai ya hau gilashin da fenti ruwan zinare.

Washegari Alhaji ya yi ta neman hannun agogo cikin ganye har layinsa ya wuce. Ya dawo a fusace.

"Tasi'u, tumatirina ya yi yaushi!"

"Alhaji, agogon manya ai ba a tambayarsa lokaci."

Yanzu ranar Juma'a Alhaji ke ɗaura shi, kowa na yabawa. Ranar ban ruwa kuwa, rana yake kallo.