Ta Je Kallo, Ta Koma Mai Tarbar Baƙi

Shekarunta arba'in da uku, ƙaramar malama ce a sashen nazarin zamantakewa na wata jami'a, uwar 'ya'ya uku. Jami'ar ta ba ta wa'adin ƙarshe: ko ta kammala digiri na uku a wannan zangon, ko ta ajiye aikin koyarwa. Maigidanta, mai gyaran firji, ya daɗe yana kiranta Dakta-Gobe.

Bincikenta a kan wasu 'yan sa-kai ne da ke kula da wata manhajar kyauta, wadda ƙananan asibitoci ke tsara layin marasa lafiya da ita. Manhajar a buɗe take, kowa na iya duba cikinta ya gyara, kuma ba a biyan kowa. Yawancin masu kula da ita ba su taɓa ganin juna ba, a wani zauren hira na intanet suke haɗuwa. Tambayarta ɗaya ce: me ya sa sababbin shiga ke zuwa da zafinsu, sannan su ɓace?

Ƙa'idar da kwamitin bincike ya amince mata ita ce ta nemi izinin mutanen, ta zauna a zauren ta yi kallo, kada ta sa baki. Haka ta yi kusan shekara guda, a ofishin da take rabawa da malamai biyu, da kwamfutar da sai an tokare murfinta da ƙamus. Ta lura tsofaffin zauren ba mugaye ba ne, aiki ne ya yi musu yawa. Baƙo zai yi tambaya, kowa ya ɗauka wani zai amsa.

Wata rana wani ma'aikacin jinya ya rubuto cewa ya ga kuskure a manhajar, yana son koyon gyara, ta ina zai fara? Shiru. Da ya gaji ya sake rubutowa: "Ku yi haƙuri idan na dame ku." Wannan ne ta kasa haɗiyewa. Ta yi masa sannu da zuwa, ta nuna masa shafin masu farawa.

Daga shi sai wani, sai wata. Yawancin waɗanda ta tarba sun zauna. Shugaban masu gyara, wanda suke kira Mai Makulli don sai da yardarsa gyara ke shiga, ya koma tura mata baƙi yana cewa, "Ku tambayi Anti."

Farfesan da ke duba aikinta ya karanta babi na huɗu, ya cire tabarau.

"Malama, na aike ki ki gano abin da ke korar mutane, kin je kin hana su tafiya. Yanzu me za ki auna?"

"Ranka ya daɗe, sallama kawai na amsa."

"Sallamar ce ta cinye miki babi guda."

Ya ba ta zaɓi biyu. Ko dai ta yi gum a zauren har ƙarshen zango, ta tattara sababbin bayanai a gurguje. Ko ta sake fasalin kundin, ta saka kanta a ciki a matsayin 'yar zaure. Wannan kuwa sai kwamiti ya sake amincewa, kuma yana iya ƙi.

Ta fara gwada shirun. A falo maigidan ya same ta ta zuba wa waya ido.

"Dakta-Gobe, kallon nan kamar kin ɗora madara a wuta?"

"Wata ɗaliba ce ta yi tambaya tun shekaranjiya, ba wanda ya kula ta."

"To ki amsa mata mana."

"In na amsa, aikina ne zai tafi."

"In ba ki amsa ba kuma mu ne za mu sha ɗaure fuska har a yi hutu."

Ba ta yi dariya ba, amma washegari ta rubuta wa zauren, ta faɗa musu halin da take ciki, ta nemi sabon izinin ci gaba da binciken a matsayin 'yar zaure. Mai Makulli ya amsa, "Anti, wallahi mun ma manta bincike kika zo yi."

Ranar Litinin da ta wuce Farfesa ya sa hannu a buƙatarta ta sake fasalin kundin yana girgiza kai, ta miƙa wa sakataren kwamiti. An ce mata ta saurari amsa. Da ta fito ta zauna a bencin baranda, ta ciro waya, ta ba ɗalibar haƙurin jinkiri, sannan ta nuna mata inda za ta fara.