Taken Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Ina tankaɗe a ƙofar ɗakina nan Wurno, da hantsi, sai na ji molo. Ban san lokacin da na ajiye rariya na miƙe ba, gari har gwiwar hannu, ina waige-waige kamar wadda aka kira da sunan yarinta. Ashe daga wayar ɗana sautin ke fitowa, shi da ya zo hutu daga makaranta ya miƙe ƙarƙashin dogon yaro yana latse-latse. Na ce ya miƙo in gani. Wani tsoho ne baƙi wuluk da malafa, zaune bakin wani gidan katako, ya rungume jita yana dukan tsirkiya da babban yatsa, yana waƙa da harshen da ban tsinci ko kalma guda ba.

"Wanga ɗan wane gari na?" na tambaye shi. "Hannunai awa na mutanen Rabah."

Yaron ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce mutumin Amurka ne, kiɗan kuma buluz ake ce masa, na jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu aka ƙetara teku da su. Na bar shi ya gama dariyarsa. Boko ya ba shi sunan abin, ni kuwa na san abin tun ban iya ɗaura zane ba.

Ka ga, ni jikar mai molo ce. Ƙauyenmu yana can tsakanin Goronyo da Shinaka, kuma kakana na wajen uwa manomi ne kamar kowa, gero da dawa da wake, da ɗan fegin albasa a fadama. Sai dai a ɗakinsa akwai molo rataye da ƙusa, ice ne da aka fafe kamar ƙaramin kwami, wato jirgin ruwa, aka rufe da fatar akuya, tsirkiya uku na izgar doki ɗaure da zoben fata a wuyansa. Har yanzu ina jin warinsa, hayaƙi da man shanu da gumin hannu. Da damina fatar takan saki, muryar ta dushe kamar mai mura, sai ya fito da shi ya jingine a rana, ya sa ni gadi kada kaji su hau. Iyakar rabona da molo ke nan, gadi. Ba a koya wa 'ya mace, kawuna aka koya wa. Amma kunne ba a yi masa shamaki, duk abin da aka kaɗa a gidan nan na kwashe shi.

Lokacin molo shi ne bayan girbi. Da an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai Fulani su sauko da shanunsu su zauna a gonakinmu, shanu su ci kara su bar mana taki. Kowace ruga ta san gonar da take sauka, tun iyaye da kakanni. Kuma kowace ruga tana da takenta, wato kiɗan da yake nata ita kaɗai. Kakana ya riƙe su duka a yatsunsa. Da la'asar, in ya hango ƙurar shanu, tun bai ga fuska ba yakan gane garken wane ne, ya zauna kan turmi ya soma kaɗa takensu. Wanda nake ƙauna shi ne na wani dattijo da ke sauka gonarmu, muna ce masa Baffa. Dogo ne, siriri, ba ya dariya sai ya ji takensa. Nan fa zai ɗaga sanda sama, ya taka a hankali kamar ba ya son ƙasa ta ji ciwo, matansa na guɗa, mu kuma muna zagaye ƙwaryar nono kamar ƙudaje.

Wata damina, Fulani sun yi nisa, kewar nono da ta kiɗa ta kama ni, na roƙi kakana ya kaɗa mini taken Baffa. Ya dube ni kamar na ce ya ci da hagu.

"Ba a kiran mutum in ba shi nan," ya ce. "Take kira na. In kinka kaɗa shi, duk inda mai shi yake hankalinai na tashi, ƙahwa tai ta riƙa jan shi gida."

Dokar ke nan, kuma ban taɓa ganin ya karya ta ba, sai a kan kiɗa guda. In an gama shagali, rana ta yi ja, yakan zame zoben fata ƙasa kaɗan, tsirkiyar ta yi laushi, muryar ta sauka. Babban yatsa ya riƙa dukan gajerar tsirkiya kamar mai daka ba gaggawa, doguwar kuma ya ja ta har ta yi kuka. Ya rera baiti guda, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya amsa. Ba mai rawa, ba mai guɗa. Ya ce daga kakansa ya gada, wanda mahara suka kama ƙanensa a bakin gulbi zamanin cinikin bayi. Taken duk wanda aka tafi da shi ne. Shi kam da gangan ake kaɗa shi a bayan idon masu shi, ko ƙafa za ta ja su gida. Na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa dawowa. Ya ce tukuna.

To, wannan sauka ta murya, da maimaita baiti, da kukan tsirkiya, su na ji a wayar ɗana. Ya ce masana ma suna ta gardama a kan ko daga nan abin ya tashi. Su yi ta yi. Ni dai zuciyata ta ce mini ashe sun ji kiran, hanya ce ba su samu ba, sai suka zauna can suna amsawa.

Ranar ban ƙarasa tuwo da daɗi ba, don na tuna abin da na daɗe ina kawar da kai daga gare shi. Kakana ya rasu tun ina amarya. Duk duniya saura mutum guda da ya riƙe kaɗe-kaɗen nan a hannu, kawuna, ga tsufa ga ciwon ƙirji. In ya tafi, sun tafi. Na ce wa ɗana gobe sai Goronyo, ya cika wayarsa da caji, mu ɗauko su duka.

Kawu ba ya ƙauye, don ƙauyen ma babu shi. Tun da 'yan bindiga suka shiga karo na ƙarshe suka ƙona rumbuna, suka tafi da mutane har da autansa, kowa ya watse. Mun same shi a wani kango da aka ba su aro, buhu ne ƙofa. Bai fito da tabarma ba, bai fito da akuya ba, amma ya fito da molo. Izga ta ƙare, zaren kamun kifi ya ɗaura.

Bayan gaisuwa na faɗa masa abin da ya kawo mu, na ce a fara da taken Baffa. 

"Ɗiyata, wa za ni kira?" ya ce. "Baffa baƙin cikin shanunai da anka kore yak kashe shi. Babban ɗanai ya ƙetara Nijar, ba labari. Ƙaramin, wanda kunka sha nono ƙwarya guda, an ce shina daji da bindiga. In kaɗa shi zo?"

Na ce ai waya ce kawai za ta ji, ba mutum ba. Ya ce waya ma yawo take yi. Kuma ko bai kira kowa ba, in kiɗan Fulani ya fito daga kangon nan yau, kafin magariba an ce shi ne mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Na kawo wata ruga, ya girgiza kai. Na kawo wata, ya ce an kashe su. Raina ya ɓaci, na yi masa magana da zafi, na ce amanar kakana zai binne. Bai yi fushi ba. Ya ce amanar ce yake riƙo.

Ɗana ya kunna masa tsohon nan na Amurka. Kawu ya kara wayar a kunnensa mai ji, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Da ya ƙare ya miƙo ta.

"Ikon Allah," ya ce. "Su da anka kwasa sun riƙe, mu da anka bari mun saki."

Sannan ya jawo molo, ya zame zoben fata ƙasa. Wannan kam bai jira roƙo ba. Muryar ta tsage, amma shi ne, taken waɗanda aka tafi da su. Matan da ke kangon suka bar abin da suke yi suka tsaya, kowace da wanda take jira. Ba wadda ta yi kuka da ƙarfi. Ni na yi.

Taken nan kaɗai muka ɗauko a waya. Kawu bai ga girbin shekarar ba, kuma autansa har yau tukuna.

Ni aka bar wa molon, yana ɗakina, rataye da ƙusa. Ɗana ya gwada, ya ce yatsu na ciwo, ya koma wayarsa, kuma ban ga laifinsa ba, wa zai kaɗa wa? Gonakinmu sun zama daji, ba shanun da ke sauka, ba mai ɗaga sanda. In damina ta yi nakan fito da shi in jingine a rana, in zauna gadin kaji kamar dā, fatar ta ɗaure tsaf, in mayar da shi.

Taken Baffa yana nan a kunnena, ko ɗigo bai zube ba. Wani lokaci ina tankaɗe sai in ji ya taso mini har maƙogwaro. Sai in rufe baki in haɗiye shi, don ni ma ban san wanda zai amsa ba.