Maijidda da tukunyar bayan gida

Maijidda mai kunu ba 'yar Zuru ba ce. Daga Jega ta taso bayan rasuwar mijinta, da buhun gero da bakin da ba ya shiru, ta kama hayar tsohon gidan marigayi Kofur Haggai da ke gindin dutse. Araha ce ta ruɗe ta, ita kuwa araha ba ta ado.

Ni ko kyauta aka ba ni gidan nan ba zan karɓa ba. Kwanon rufin ya ci tsatsa, jemagu sun mallake ɗaki guda, ga hoton Kofur cikin kaki a bango, duk inda ka tsaya kai yake harara. Ko da rana tsaka tsakar gidan da sanyi kamar bakin rijiya. Maijidda ta share, ta kunna turare, ta ce aljanin da ya isa ya fito.

A bayan gida, kan wani ɗan tudu cikin ciyawa, ta tsinci tukunya a kife, mai zane a wuya. Ta wanke ta tas, ta zuba kunu, ta ajiye a ƙofar gida. Ai kuwa ciniki ya mutu murus. Mutum zai taho da kofinsa, ya dubi tukunyar, ya gaishe da Maijidda cikin ladabi, ya wuce. Idan kunu ya ƙi sayuwa, ba haya, ba abinci, sai komawa Jega hannu rabbana, abin da ta rantse ba za ta yi ba.

Sannan tukunyar ta fara tafiya. Duk ranar da Maijidda ta je niƙa, sai ta dawo ta tarar da ita a kan tudun, a kife. Ta ɗauko, tukunyar ta sake komawa. Tsoro ya kama ta sosai, amma zargi ya fi shi ƙarfi. Ta zargi maƙwabta, ta zargi hoton, daga ƙarshe ta tsaya kan Gladys, wata tsohuwa, ƙanwar Kofur, wadda kullum take tsayuwa bakin danga tana kallon gidan ba ta cewa uffan. Asiri ne, in ji Maijidda, so ake a kore ta.

Wani hantsi ta yi kamar ta fita, ta laɓe a ɗakin jemagu. Sai ga Gladys ta shigo sanɗa, ta rungumi tukunyar. Maijidda ta yi kukan kura ta cafke ta. Ja ni in ja ki, tukunyar ta suɓuce ta rabe gida biyu.

Gladys ta durƙusa tana haɗa ɓarin. "Kan uwata take," ta ce. "Mu haka muke yi, tukunya muke kifawa a kan kabari."

"To, don mi ba ki hwaɗa mani ba?"

"Ke baƙuwa ce. Kunya na ji."

Kowa a unguwar ya san abin da ke kan tudun nan, kuma irin kunyar nan ce ta rufe bakinsu duka. Abin har yau yana ba ni haushi.

Maijidda tana nan, kununta na cikin bokitin roba, ciniki ya dawo. Matar da ta gina tukunyar ta daɗe da rasuwa, don haka da waya Maijidda da Gladys suka ɗaure tukunyar, suka mayar da ita kan tudun. Kullum da safe, kafin ta hura wuta, Maijidda ce ke share tudun.