Yadda Muka Raba Gonar Bayan Gari Uku

Gonaki biyu mahaifinmu ya bar mana ni da yayana: ɗaya a bayan gari a Yasore, ɗaya can wajen Tsaskiya, dab da daji. A zamaninsa, in ya noma ɗaya shekara biyu sai ya bar ta ta huta, ya koma ɗayar. Da daji ya gagara shiga saboda rashin tsaro, gonar nesa ta fi ƙarfinmu ko da leƙe. Sai ga iyalina da na Yaya da mahaifiyarmu, duk mun dogara da ta bayan gari.

Damina shida a jere muna zuba mata gero, babu hutu. Da farko ba mu lura ba. Daga baya ƙasar da na sani da duhu ta koma fara, in ka damƙa sai ta zube ta tsakanin yatsu. Gero ya tsaya iya ƙugu, ganye ya yi rawaya, wuta-wuta ta mamaye kunyoyi tana tsotse saiwarsa. Na je kasuwar Batsari neman takin zamani, da na ji kuɗin buhu sai na hau babur na dawo. A kaka ta shida, ko rabin rumbu ba mu cika ba.

Inna ce ta kira mu ranar da muka gama ɗaurin dami. Tana zaune tana tsintar tsakuwa cikin wake.

"Ku raba gonar nan uku," in ji ta. "Kashi ɗaya wake da gyaɗa zalla. Baɗi ku matsa gaba."

Yaya ya ce, "Inna, abin tuwo muke nema, kuma mu rage gero?"

"Shekara shida kuna ci daga gare ta. Me kuka ba ta?"

Haka muka raba gonar uku yadda ta ce.

Ranin nan ba mu zauna ba. Mun daina ƙone kara. Kashin awaki da toka da sharar gida, duk muka riƙa kwasa a buhu muna kai wa gona a kan jaki. Akwai wani Bafulatani, abokin mahaifinmu, da shi ma tsoro ya koro bakin gari da 'yan shanun da suka rage masa. Na je na gaishe shi, na roƙe shi ya kafa turakunsa a gonarmu, mu kuma mu bar masa kara da harawa. Ya yi wata biyu a can. Da damina ta sauka, wuta-wuta na ɓullowa muke tumɓuke ta tun ba ta yi fure ba.

Shekarar farko mun sha wuya. Ɗanwake muka ci har yara suka fara juya masa baya. Maƙwabcin gonarmu kan tsaya a kan iyaka ya ce, "Malam, ashe kun koma 'yan ƙosai?" Nakan yi dariya, amma abin na sosa mini rai.

Damina ta biyu muka shuka gero a inda wake ya tashi. Ban taɓa manta safiyar da na shiga cikinsa ya rufe ni ba, ganye kore shar, zangarniya ta kai tsawon kamu. Na tsaya ina shafa ta ni kaɗai. Ba gonar duka ce ta farfaɗo ba, gefen gabas sai da ya ƙara shekara biyu. Amma a kakar nan ba mu sayi hatsi ba har aka yi shuka.

Wata rana maƙwabcin nan ya iske mu muna yankan gero. Ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ce, "Don Allah, wane irin taki kuka samo?"

Yaya ya ajiye lauje, ya share zufa, ya nuna masa hanyar gida.

"Je ka gaida Inna," ya ce. "Ita za ta faɗa maka."