Muryarsa a Rikoda Biyu

Bayan na fita takaba na lura ba na iya tuno muryarsa. Fuskarsa tana nan, hotuna sun cika waya. Kalaman da yake yawan faɗa ma ina iya jero su. Amma idan na ce bari in ji su da sautinsa, sai in ji su da tawa murya. Maigidana ba mai aika saƙon murya ba ne. Kira yake yi, ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya kashe. A bidiyon bukukuwan dangi kuwa kullum yana can baya yana gyara hula.

Kaset ɗaya ya rage. Lokacin da aka sa mana rana an riga an turo shi aiki Abuja, ni ina Zariya. A zamanin, saurayi kan ɗauki magana a kaset ya ba direba ya kai wa budurwa. Ni da na tashi a cikin littattafan soyayya na haya, na zaci zan ji kalaman da za su hana ni cin abinci. Da na kunna sai na ji yana ba ni labarin ɗakin da ya kama, da bokitin da ya saya, da yadda ruwan saman garin nan ba ya sallama. Na tura baki na ajiye. Kaset ɗin ya ƙare a ƙasan akwatin lefe, kuma can na same shi, ƙarƙashin wata atamfa da ban taɓa ɗinkawa ba.

Abin kunnawa ne babu. Wata maƙwabciyata a unguwar Lugbe, nan Abuja, ta kwatanta mini wani mai gyaran rediyo da ke zaune ƙarƙashin matakalar wani bene, kusa da gadar masu ƙafa. Yayar mijina, wadda ita ta goya shi yana jariri, ta ce ba zan je ni kaɗai ba. Ta taso daga Zuba da ledar lemo a hannu.

Mai gyaran dattijo ne mutumin Filato, tabarau a goshi, ƙaramin gicciye a wuya. Ya saurare ni har na gama, ya jawo wani kwali.

"Hajiya, kin yi sa'a. Biyu ya rage, kuma uwa ɗaya uba ɗaya ne."

Ƙananan rikoda ne irin na ratayawa a ƙugu, kowace ba ta wuce tafin hannu ba. Kamfani ɗaya, launin toka ɗaya, har murfin iri ɗaya. Sai da ya jera su na fara ganin bambanci. Wadda aka fara fitarwa ta fi ɗan nauyi, madannanta na ƙarfe ne, kuma tana da rami biyu na sa abin kunne, don mutum biyu su ji tare. Wadda ta biyo ta madannanta na roba ne, raminta ɗaya, amma idan gefen kaset ya ƙare ita ke juya shi da kanta. Ya kira su babba da ƙarami, mu ma muka bi shi.

Bai yarda ya sa kaset ɗina kai tsaye ba. Ya fara gwada su da na waƙoƙin coci, don kada wata ta tauna mini. Sannan ya zura biro a ramin kaset ɗina ya ɗaure zaren, ya sa a ƙaramin, ya miƙo mini abin kunne.

Wata murya siririya ta yi mini sallama. Sauri take yi, kamar mai gudun kada a katse shi. Na saurara har aka zo kan bokiti, na cire.

"Wannan ba shi ba ne."

"To, gwada babban," in ji dattijon.

Maganar ɗaya ce, bokitin ɗaya ne. Amma muryar ta yi kauri, tana jan kalma, tana hutawa kafin ta ci gaba. Na jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina. A littattafan da na karanta, a irin wannan gaɓar mace kan sulale ƙasa, a yayyafa mata ruwa. Ni ina tsaye, ina kallon wani mai keke yana ƙoƙarin juyawa a bakin kwata.

"Kamar shi ne," na ce.

Dattijon ya sosa kai. Ya ce a cikin kowace akwai zaren roba mai juya kaset. Na babban ya saki, shi ya sa take tafiya a hankali, murya ta yi ƙasa. Ƙaramin ne ke tafiya daidai.

"Ke nan siririyar ce tasa?"

"Ba lalle ba, Hajiya. Oga da wane batir ya ɗauka? Kin san mu a lokacin, batir ya mutu ba mu jefarwa. Mu shanya a rana, mu ɗan cije shi, mu mayar. In da irin wannan ya ɗauka, kaset ya tafi a hankali tun ranar. Ka sa shi a mai lafiya yanzu, sai namiji ya koma yaro. Ni ban san shi ba. Ku ne kun san shi."

Na san maigidana zai iya shanya batir. Mutumin da ke yanka bututun man goge baki ya kwashe na ciki. Amma ban ga lokacin da ya ɗauki kaset ɗin ba.

Yaya ta ajiye ledarta. "Ba ni nan."

Aka mayar mata da kaset cikin ƙaramin. Ba a jima ba ta fashe da dariya har tana dukan cinya.

"Shi ne wallahi! Ɗan nema! Ji murya kamar zakaran da bai gama koyon cara ba. Wai bokiti! Yarinya na can tana jiran zance, kai kana bokiti!"

Aka koma babban, muka sa abin kunne tare, kafaɗarta a jikin tawa. Dariyar ta tsaya. Ta ja bakin mayafi ta rufe hanci.

"Wannan ma shi ne. Na bayan nan."

"Yaya, wanne ne a ciki?"

"Ke da kika zauna da shi har ya yi furfura, ni za ki tambaya?"

Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ce a mayar ƙaramin, na ce a dawo babban, na sake cewa a mayar. A ƙarshe dattijon ya buɗe murfi ya goga auduga a ciki, ya nuna mini. Ta yi ja kamar ƙasa.

"Jikin kaset ɗin ne ke zuba. Kowane kunnawa yana cin shi kaɗan. Ki zaɓa, Hajiya."

"Ki kwashe duka biyun mu tafi," in ji Yaya. "Rana tana yi."

Na ƙi. Na san kaina. In suna gabana su biyu, zan yi ta kai da kawo tsakaninsu har kaset ɗin ya ƙare ban tsayar da murya ɗaya ba. Yaron nan mai sauri, ko da shi ne na gaskiya, ban zauna da shi ba sai kaɗan. Wanda na rasa shi ne mai jan magana, wanda ke tsayawa a tsakiyar zance har in ce masa, "Ina jin ka." Na nuna babban.

Dattijon ya ce in bar masa ita ya canza robar, ko ya juye mini maganar a waya. Na ce sai wani lokaci.

"To ki sani, robar ba zai tsaya a nan ba. Kullum ƙara saki zai yi. Murya zai dinga sauka."

Na ce na ji. A mota Yaya ta ɓare lemo ta ba ni, na sha, ban ji zaƙi ko tsami ba.

Ba kullum nake kunnawa ba. Sai ranar Juma'a da yamma, idan na gama shara na zauna a falo. Har yau ban yi kukan da nake jira ba. Amma maganar dattijon ta tabbata. Daminar bana muryar ta ƙara nauyi, sallamar kaɗai tana ɗaukar lokaci kafin ta fita. Yanzu ta wuce inda maigidana ya tsaya. Wani tsoho ne ke ba ni labarin sabon ɗaki, yana numfashi tsakanin kalmomi. Ban sani ba ko haka zai yi magana da Allah ya ja kwanansa. Ina saurara har gefen ya ƙare, in tashi in juya kaset ɗin da hannuna.